Sanduna Uku

Shekara goma sha tara ina ɗaukar sanduna,
ban taɓa kwantar da kunci a kan bindiga ba.
Ni ke gaba, ina karanta sawu a jar ƙasar Otjiwarongo,
ni ke buɗe ƙafafun nan uku, in ja da baya,
baƙo ya ɗora ƙarfensa, ya harba,
a ɗauke shi hoto, ina gefe ina wasa wuƙa.

Yau babu baƙo.
Damina ta mai da masu kuɗi garuruwansu.
Sai ni da kawu Tjizembua, wanda ido ya fara yi wa gardama,
da wani tsohon gwanki da tarkon waya ya ci wa ƙafa.
Kwana shida yana jan ta. Ƙudaje sun riga mu sanin wurin.
Mai gona ya miƙo bindiga ta tagar mota,
ya ce, Uazuva, ka hutar da shi kafin rana ta take.

Kawu ne ya sari sandunan tun ban kai su tsawo ba,
ya ɗaure wuyansu da robar tsohuwar taya.
Na san nauyinsu yadda na san cokalina,
amma da ya karɓe su daga hannuna
sai hannun ya rasa inda zai sa kansa.

Ya kaɗa toka daga cikin tsohuwar safa.
Ta tashi, ta koma bayanmu. Iska tamu ce.
Muka rarrafa har gindin suri,
ƙaya tana karɓar harajinta a gwiwa.

Ga shi can, taku ɗari da 'yan kai,
a inuwar da rana ta huhhuda.
Fuska baƙi da fari,
kunnuwa zaƙo-zaƙo, ɗaya gabas, ɗaya yamma.
Gwanki sha bara,
ka sha ta mutanen da suka biya kuɗin jirgi,
yau tawa ce, ni da ban roƙa ba.

Kawu ya kafa sanduna. Sun yi mini tsawo.
Da ido yake auna kowane Bajamushe,
tsayina ne bai taɓa aunawa ba.
Ya buɗa ƙafafun kaɗan, ya dube ni, ya ƙara buɗawa,
har bakin gwafar ya sauko daidai ƙirjina.

Kada ka ɗora bakin ƙarfe, ɗora katakon.
Hagu ta kama sanda da bindiga tare.
Raba ƙafa. Jingina, kada ka kwanta.
Mutum nawa na faɗa wa wannan cikin harsuna uku?
Ga maganar ta dawo mini da muryar tsoho,
kuma kamar yau na fara jin ta.

Cikin madubi layukan saiti sun ƙi zama,
daga kafaɗa su gangara ciki, daga ciki su tafi sama,
su ɗauko mini wani reshe da ban aike su ba.
Ashe haka jini ke buga ƙofa.
Sau nawa na yi wa baƙi dariya a cikin hula?

Kawu bai ce komai ba.
Ya matso, ya cusa kafaɗarsa ƙarƙashin damtsena,
ƙashi da warin taba,
ya zama sanda ta huɗu.
Layukan suka rage yawo.

Bi ƙafar gaba, in ji shi, hau kashi ɗaya cikin uku, tsaya.
Saki rabin numfashi, riƙe rabi.
In ba ka tabbata ba, sauke, harsashi ba ya ruɓewa.

Gwankin ya ɗaga ƙafar nan mai ciwo,
ya riƙe ta a sama kamar mai jiran a karɓa,
sannan ya ba ni gefe.
Wata kurciya ta yi shiru.
Yatsana ya sami kunama, sanyi gare ta,
a damtsena kuwa na ji
kawu ma ya daina numfashi.